Darasi: Gano pH na Asid ta Hanyar Awon Ɗigo

Awon ɗigo hanya ce ta sanin yawan asid da ke cikin wani ruwa. Ana ɗibar ruwan asid gwargwadon da aka sani, a riƙa ɗiga masa ruwan baz wanda aka riga aka san kaurinsa, har tsamin ya mutu sarai. Yawan baz ɗin da ya shiga shi ke faɗin yawan asid, daga nan kuma lissafi ya kai mutum ga pH. Wanda ya kammala wannan darasi zai iya yin awon da hannunsa, ya fitar da kaurin asid, ya kuma san lokacin da kauri kaɗai ya isa a sami pH da lokacin da bai isa ba.

1. Asid da baz

Asid ba baƙon abu ba ne a gidajen Gangara da sauran garuruwan Damargu. Tsamin tsamiya daga asid tartarik yake, na lemun tsami daga asid sitirik, na nono daga asid laktik, na binega kuma daga asid asetik. Ruwan da ke cikin batirin mota da irin batirin sola mai ruwa asid salfurik ne. Cikin ɗan Adam ma yana yin nasa, wato asid haidurokulorik, wanda ake rubutawa HCl, domin narka abinci.

Kishiyar asid ita ce baz. A cikin danginta akwai kanwa, irin wadda ake kawowa daga ƙasar Manga ana sa wa miya ana kuma ba dabbobi, da ruwan toka, da soda mai ƙuna ta masu haɗa sabulu, wadda ake rubutawa NaOH.

A 1884 wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Svante Arrhenius, ya nuna cewa wasu sinadarai idan sun narke a ruwa suna rabuwa zuwa ƙwayoyi masu cajin lantarki, waɗanda ake kira iyon. Asid yana sakin iyon haidurojin, H⁺. Baz irin soda tana sakin iyon OH⁻. Idan biyun nan suka haɗu sai su zama ruwa:

H⁺ + OH⁻ → H₂O

Wannan shi ne kashe tsami. Idan asid ɗin HCl ne, baz ɗin kuma soda ce, abin da zai rage a kwalba ruwa ne da gishirin miya:

HCl + NaOH → NaCl + H₂O

Mace mai dafa miyar yakuwa, idan ta ji tsamin ya yi yawa ta jefa ƴar kanwa, sai miyar ta taso da kumfa, tsamin ya faɗi. Kumfar iskar kabon ce da ke fita sa'ad da asid ya taɓa kanwa. Ita da harshe take gane ko kanwar ta isa. A ɗakin gwaji kuwa ba a ɗanɗana komai, launi da ma'auni ne ke yin wannan aiki.

2. Ma'aunin pH

pH lamba ce da ke nuna yawan iyon H⁺ da ke yawo a sake cikin ruwa. Søren Sørensen ne ya kawo ta a 1909, yana aiki a ɗakin binciken Carlsberg da ke birnin Kofanhagan na ƙasar Denmak. Ƙa'idarta ita ce:

pH = −log [H⁺]

Alamar [H⁺] tana nufin yawan mol na H⁺ a cikin lita ɗaya (bayanin mol yana sashe na 3). Maɓallin log yana kan kowace kalkuleta ta kimiyya, har da ta cikin wayar hannu. Idan [H⁺] ya zama 0.1, pH zai zama 1. Idan 0.01 ne, pH 2. Idan 0.001 ne, pH 3. Ke nan duk taki ɗaya a ma'aunin pH ninki goma ne, kuma gwargwadon ƙanƙantar lambar, gwargwadon yawan tsami. Ruwa mai pH 2 ya fi mai pH 4 yawan H⁺ sau 100.

Tsabtataccen ruwa a zafin digiri 25 yana da pH 7, ba ya ɓangaren asid ba ya ɓangaren baz. Abin da ya gaza 7 asid ne, abin da ya haura baz ce. Ruwan lemun tsami yana wajen 2, madarar saniya da aka tatso yanzu tana tsakanin 6.6 da 6.8, jinin mutum yana wajen 7.4, ruwan kanwa mai kauri kuma yana kaiwa 10 ko fiye. A littattafan Faransanci ana sa waƙafi a gurbin ɗigon da ke cikin waɗannan lambobi, a rubuta 7,4, amma ƙimar ɗaya ce.

3. Mol da kauri

Ƙwayoyin sinadari sun yi ƙanƙantar da ba a iya ƙirga su ɗaya bayan ɗaya, saboda haka ake ƙirga su jimla. Jimlar ita ce mol. Mol ɗaya ƙwayoyi 6.02 × 10²³ ne, ko na wane sinadari. Nauyin mol ya bambanta daga sinadari zuwa sinadari: mol ɗaya na soda giram 40 ne, na HCl giram 36.5, na asid salfurik giram 98.

Kauri shi ne yawan mol da ke narke a lita ɗaya, ana rubuta shi mol/L. Idan aka narka giram 2.0 na soda aka cika ruwa zuwa lita ɗaya, kaurinsa 0.050 mol/L ne, domin 2.0 a raba da 40 ya ba da 0.050. Dangantakar da duk lissafin darasin nan ya hau kanta ita ce:

yawan mol = kauri × yawan ruwa a lita

Tun da kayan awo da mililita suke aiki, a tuna lita ɗaya mililita 1000 ce. Mililita 25.0 ita ce lita 0.0250.

4. Kayan aiki

Buret: dogon bututun gilashi mai zanen ma'auni, yawanci na mililita 25 ko 50, da ɗan famfo a ƙasansa. Sifili yana sama, lambobi suna ƙaruwa zuwa ƙasa. A cikinsa ake zuba baz. Wani Bafaranshe mai suna Descroizilles ya ƙera na farko a 1791, Bajamushe Karl Friedrich Mohr kuma ya gyara shi ya rubuta littafin awon ɗigo a 1855.

Pipet: siririn bututu mai zane guda, wanda ke ɗibar ruwa daidai gwargwado ɗaya, kamar mililita 10, 20 ko 25. Yana da robar zuƙo a kansa.

Kwalba mai faɗin gindi da ƙaramin baki, wadda ake iya kaɗawa ba tare da ruwa ya fantsama ba.

Ruwan soda wanda aka san kaurinsa.

Rinin shaida: rini ne da ke sauya launi idan pH ya sauya. Wanda aka fi amfani da shi shi ne fenolfitalin. A cikin asid ba shi da launi, a cikin baz kuma ruwan hoda ne.

Ruwan tururi: ruwan da aka tafasa aka tara tururinsa ya koma ruwa. Ruwan rijiya bai dace ba, domin sau da yawa yana ɗauke da gishiri dangin kanwa da zai cinye wani ɓangare na asid tun kafin a fara awo.

Sai mariƙin buret, da mazurari, da farar takarda, da tabarau na kariya, da safar hannu.

5. Yadda ake yin awon

Da farko a ɗauraye buret da ruwan tururi, sannan da ɗan ruwan sodar da za a yi aiki da shi. A cika shi, a buɗe famfo kaɗan domin iskar da ta maƙale a bakinsa ta fita, a cire mazurari, a rubuta lambar farawa. Saman ruwa a cikin bututu yana lanƙwasa ne, ana karanta lamba a ƙasan lanƙwasar, ido yana daidai da ita.

Na biyu, a ɗauraye pipet da ɗan asid ɗin da za a auna, a ɗebi gwargwadon da ake so a zuba a kwalba. A sa ɗigo biyu ko uku na rinin shaida. A ajiye kwalbar a kan farar takarda ƙarƙashin buret.

Na uku, a buɗe famfo da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana kaɗa kwalba. Da farko soda tana faɗawa ba a ganin komai. Can sai a fara ganin wani tabon ruwan hoda a daidai inda ɗigon ya sauka, da an kaɗa ya ɓace. Idan tabon ya fara jinkirin ɓacewa, an kusa. Daga nan a rage famfo ya koma ɗigo ɗaya ɗaya. Akwai ɗigon da zai faɗa, ruwan kwalbar gaba ɗaya ya ɗauki launin hoda mai haske, ya tsaya haka kamar daƙiƙa 30. Nan ake rufe famfo a rubuta lambar tsayawa. Lambar tsayawa a cire ta farawa, shi ne yawan sodar da ta shiga.

Wannan wuri shi ne gaɓar daidaito, inda yawan OH⁻ da aka zuba ya yi daidai da yawan H⁺ da asid ɗin zai iya bayarwa.

Ba a dogara da awo ɗaya. Na farko na share fage ne, a san wajen da launi zai juya. Sai a sake sau biyu ko uku a tsanake har a sami lambobin da bambancinsu bai wuce mililita 0.1 ko 0.2 ba, a ɗauki matsakaicinsu.

6. Misali na farko: asid mai ƙarfi

An ɗebi mililita 25.0 na ruwan HCl, an auna shi da soda mai kaurin 0.050 mol/L. Awon share fage ya ba da mililita 15.6. Sauran ukun sun ba da 15.0, 15.1 da 14.9. An ajiye na farkon gefe, matsakaicin ukun ya zama 15.0.

Mataki na ɗaya, mol na soda: 0.050 × 0.0150 = 0.00075 mol.

Mataki na biyu, mol na asid: HCl ɗaya soda ɗaya yake ci, saboda haka shi ma 0.00075 mol ne.

Mataki na uku, kaurin asid: 0.00075 ÷ 0.0250 = 0.030 mol/L.

Mataki na huɗu, pH: HCl asid ne mai ƙarfi, ma'ana da ya shiga ruwa kowace ƙwayarsa tana sakin H⁺ ɗinta. Don haka [H⁺] daidai yake da kaurin asid, wato 0.030. pH = −log 0.030 = 1.52.

Ana iya dunƙule matakai ukun farko a ƙa'ida guda: Ca × Va = Cb × Vb. C kauri ne, V yawan ruwa, a na asid, b na baz. Ƙa'idar tana aiki ne kawai idan asid ɗaya baz ɗaya yake ci.

A lura cewa pH ɗin da aka samu, 1.52, na asid ɗin ne kafin a zuba masa soda. Ba na ruwan da ya rage a kwalba ba ne.

7. Dalilin da ya sa launi ke juyawa farat ɗaya

Ana iya lissafa pH na kwalbar a kowane mataki. Kafin gaɓar daidaito, a cire mol na sodar da ta shiga daga mol na asid, a raba ragowar da jimlar ruwan da ke kwalba. Ga abin da misali na farko ke bayarwa:

Kafin a zuba soda: pH 1.52
Bayan mililita 10.0: pH 2.15
Bayan mililita 14.9: pH 3.90
A mililita 15.0 daidai: pH 7.00
Bayan mililita 15.1: pH 10.10

An zuba kashi biyu cikin uku na sodar amma pH bai hau ko taki ɗaya ba. Tsakanin 14.9 da 15.1 kuwa, tazarar da ba ta wuce ɗigo huɗu ba, ya tashi daga 3.90 zuwa 10.10. Fenolfitalin yana juyawa tsakanin pH 8.2 da 10, wato a cikin wannan tsalle. Shi ya sa ɗigo ɗaya ke sauya launi, shi ya sa kuma ake iya amincewa da rini.

8. Misali na biyu: asid mai H⁺ biyu

Asid salfurik, H₂SO₄, yana da H⁺ biyu, don haka ƙwayarsa ɗaya soda biyu take ci:

H₂SO₄ + 2NaOH → Na₂SO₄ + 2H₂O

Ruwan batir ya yi kaurin da ba a auna shi kai tsaye, sai an sirka. A ce an ɗebi mililita 10.0 daga batir mai caji, an zuba a cikin ruwan tururi an cika zuwa lita ɗaya, wato an sirka shi sau 100. Daga sirkakken an ɗebi mililita 20.0, ya ci mililita 18.0 na soda mai kaurin 0.100 mol/L.

Mol na soda: 0.100 × 0.0180 = 0.00180.
Mol na asid rabin haka ne: 0.00090.
Kaurin sirkakken: 0.00090 ÷ 0.0200 = 0.045 mol/L.
Kaurin ruwan batir na asali: 0.045 × 100 = 4.5 mol/L.

A lissafin farko-farko ana ɗauka cewa H⁺ biyun duk sun fita. Ke nan [H⁺] na sirkakken 0.090 ne, pH kuma 1.05. A haƙiƙa H⁺ na farko ne ke fita gaba ɗaya, na biyun wani ɓangarensa ne kawai ke fita, don haka na'urar pH za ta nuna wajen 1.3. Kuskuren da ɗalibai suka fi yi a nan shi ne manta lambar 2, sai amsar kauri ta fito ninki biyu.

Wannan awo yana da amfani ga mai gyaran batir, domin yayin da batir ke sauke caji asid ɗinsa yana raguwa, idan an yi caji kuma ya dawo.

9. Misali na uku: asid mai rauni

A ɗebi mililita 25.0 na sirkakken binega, a auna da sodar misali na farko. A ce shi ma ya ci mililita 15.0. Kaurinsa ke nan 0.030 mol/L, daidai da na HCl ɗin can. Amma idan aka tsoma na'urar pH a cikinsa za ta nuna wajen 3.1, ba 1.52 ba.

Dalili shi ne asid asetik mai rauni ne. A wannan kauri, cikin ƙwayoyinsa 100 biyu ko uku ne kawai ke sakin H⁺, sauran suna riƙe da nasu. Idan soda ta cinye waɗanda suka fito sai wasu su saki nasu, haka har su ƙare. Lamarin ya yi kama da hatsin gari bayan kaka: akwai wanda aka fitar kasuwa, akwai wanda ke cikin rumbuna. pH yana faɗin na kasuwa ne kawai, awon ɗigo kuwa yana ƙirga na kasuwa da na rumbu gaba ɗaya. Asid mai ƙarfi bai bar komai a rumbu ba, shi ya sa lissafin biyu ke haɗuwa a kansa.

Don haka ƙarfi daban, kauri daban. Kauri yawan asid ne a lita, ƙarfi kuma yadda yake sakin H⁺ ne. Kowane asid mai rauni yana da lambarsa ta saki, Ka, wadda ake samu a jadawali. Ta asid asetik 1.8 × 10⁻⁵ ce. Idan ɓangaren da ya saki bai wuce kashi 5 cikin 100 ba, ana amfani da wannan ƙa'ida:

[H⁺] = √(Ka × Ca)

Alamar √ tana neman lambar da idan aka ninka ta da kanta za ta ba da abin da ke cikin baka.

Ka × Ca = 0.000018 × 0.030 = 0.00000054
[H⁺] = 0.00073
pH = −log 0.00073 = 3.14

Ruwan biyu soda ɗaya suka ci, amma H⁺ da ke a sake cikin HCl ya ninka na binega kusan sau 40.

Idan ba a san Ka ba, awon da kansa zai bayar da ita muddin akwai na'urar pH. A daidai rabin hanya, wato bayan mililita 7.5 a wannan misali, rabin asid ya mutu rabi yana nan, kuma pH na kwalba a lokacin daidai yake da −log Ka. Na asid asetik 4.74 ne.

10. Zaɓen rinin shaida

Ba kullum gaɓar daidaito ke faɗawa a pH 7 ba. Asid mai ƙarfi da baz mai ƙarfi ne ke haɗuwa a 7. Asid mai rauni da soda suna haɗuwa sama da 7, kamar misali na uku inda gaɓar take wajen 8.5. Asid mai ƙarfi da baz mai rauni suna haɗuwa ƙasa da 7. Rinin da ya dace shi ne wanda juyawarsa ta faɗa cikin tsallen pH.

Fenolfitalin: daga marar launi zuwa ruwan hoda, pH 8.2 zuwa 10. Ya dace da yawancin awon da ake yi da soda.
Bromotimol: daga rawaya zuwa shuɗi, pH 6.0 zuwa 7.6. Ya dace da asid mai ƙarfi da baz mai ƙarfi.
Metil oranj: daga ja zuwa rawaya, pH 3.1 zuwa 4.4. Ya dace da asid mai ƙarfi da baz mai rauni. Idan aka sa shi a awon binega zai juya tun aikin bai yi nisa ba, amsar ta lalace.

11. Awon tsamin madara

Damargu ƙasar noma ce da kiwo, madara da nono da cuku suna cikin abincinta da cinikinta. Kamfanonin madara a ƙasashe masu amfani da Faransanci suna auna tsamin madara da ma'aunin Dornik, wanda awon ɗigo ne tsantsa. Ana ɗibar madara mililita 10, a sa fenolfitalin, a ɗiga soda mai kaurin mol ɗaya cikin lita 9. Duk mililita 0.1 da ta shiga digirin Dornik ɗaya ce, daidai da giram 0.1 na asid laktik a lita. Sabuwar madarar saniya tana ba da digiri 15 zuwa 18. Idan lambar ta haura haka sosai, ƙwayoyin halitta sun fara mayar da sukarin madarar asid, kuma tana iya tsinkewa idan aka dafa. Madara tana daskarewa ta zama nono idan pH ya sauka wajen 4.6.

Amma ba a lissafa pH na madara daga digirin Dornik, domin furotin da gishirin da ke cikinta su ma suna kama H⁺ suna saki. Haka ruwan tsamiya, da soɓorodo, da ƙasar gona, duk gauraye ne na sinadarai da yawa. A irinsu awon ɗigo jimlar tsami yake bayarwa, pH kuma sai a auna shi kai tsaye da na'ura ko takardar pH. Ɗakunan gwajin ƙasa da na ruwan sha, da na matatun mai irin SORAZ da aka buɗe a 2011 a kan hanyar Damagaram zuwa Tanut, suna bukatar awon biyu ne saboda kowanne tambayarsa daban yake amsawa.

12. Abubuwan da ke ɓata awo

Wuce gaɓa. Idan launin ya yi jawur an zuba soda fiye da kima, kauri zai fito sama da gaskiya.

Soda da ta kwana a buɗe. Soda tana zuƙar danshi da iskar kabon, ƙarfinta ya ragu. A rufe kwalbarta, a kuma tabbatar da kaurinta da wani asid sananne kafin aiki mai muhimmanci.

Ruwa da ya rage a buret ko pipet yana sirka abin da aka zuba. Kwalbar awo kuwa ba laifi idan akwai ruwan tururi a cikinta, domin bai ƙara mol ba bai rage ba.

Kumfar iska a bakin buret, da karanta ma'auni daga sama ko daga ƙasa.

Zafi. A digiri 40, wanda ba abin mamaki ba ne a Damargu cikin bazara, tsakiyar ma'aunin pH tana sauka zuwa wajen 6.8, ruwa kuma yana saurin ƙafewa daga buɗaɗɗen mazubi. Aikin safe a inuwa ya fi.

13. Kariya

Idan za a sirka, asid ake zubawa a cikin ruwa sannu a hankali. Ba a taɓa zuba ruwa a kan asid mai kauri, domin zafin da zai taso yana sa shi fantsama. Ba a zuƙar pipet da baki. Soda tana cin fata, tana kuma makantarwa idan ta shiga ido. Duk wanda asid ko soda ya taɓa, a wanke wurin da ruwa mai yawa na aƙalla minti 15, a kai shi likita. Kada a ajiye su a gorar ruwan sha ko ta lemo, a rubuta suna a jikin kowace kwalba, a nisanta su daga yara. A kuma kula da cewa a kasuwa ana kiran asid ɗin batir da ruwan tururin da ake ƙara masa da suna ɗaya, ruwan batir. A tabbatar da wanda aka saya.

14. Gwaji a aji

Inda babu buret, sirinji marar allura da kofin gilashi sun isa a ga yadda abin yake. A jiƙa kanwa a tace. A jiƙa soɓorodo a sami jan ruwansa, shi ne rinin shaida: ja ne a cikin asid, yana komawa kore mai duhu a cikin baz. Ɗigo kaɗan za a sa, domin shi ma yana da tsami. A zuba mililita 5 na ruwan lemun tsami a kofi ɗaya. A kofi na biyu a zuba mililita 5 na ruwan lemun da aka sirka rabi da rabi. A ɗiga ruwan kanwa a kowanne ana kaɗawa ana jira kumfa ta kwanta, har launi ya juya. Kofi na biyu zai ci kusan rabin abin da na farko ya ci. Gwajin kwatance yake bayarwa, ba ya kai wa ga pH, domin ba a san kaurin ruwan kanwar ba.

Tambayoyi

1. Mililita 20.0 na asid nitirik, HNO₃, wanda asid ne mai ƙarfi mai H⁺ ɗaya, ya ci mililita 10.0 na soda mai kaurin 0.100 mol/L. A nemo kaurinsa da pH ɗinsa.
2. Mililita 10.0 na H₂SO₄ ya ci mililita 5.0 na soda mai kaurin 0.020 mol/L. A nemo kaurin asid, da pH bisa ɗaukar cewa H⁺ biyun sun fita.
3. Mililita 20.0 na asid asetik ya ci mililita 20.0 na soda mai kaurin 0.100 mol/L. A nemo pH.
4. Madara mililita 10 ta ci mililita 1.7 na sodar Dornik. Digiri nawa ke nan, kuma me hakan ke nunawa?
5. Asid biyu sun ci soda daidai wa daida, amma pH ɗinsu ya bambanta. Mene ne dalili?

Amsoshi

1. Kauri 0.050 mol/L, pH 1.30.
2. Kauri 0.0050 mol/L, [H⁺] 0.010, pH 2.0.
3. Kauri 0.100 mol/L, [H⁺] 0.0013, pH 2.87.
4. Digiri 17, madarar sabuwa ce.
5. Jimlar H⁺ da za su iya bayarwa ɗaya ce, amma ɗaya ya fi ɗaya ƙarfi, don haka H⁺ ɗinsa da ke a sake ya fi yawa.

Kafin a danna maɓallin log a kowane lissafi, a amsa tambaya biyu: H⁺ nawa asid ɗin yake bayarwa, kuma mai ƙarfi ne ko mai rauni. Idan amsar ƙarshe ta fito sama da 7 alhali asid ake aunawa, akwai kuskure a lissafin, a koma a duba mayar da mililita zuwa lita.